Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar da Kyautar Suruki Ta Fi Ƙarfinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da miƙa wuya ga hukuncin Mai Kowa Mai Komai, ni Ɗantala, mai shagon buga takardu da hoton fasfo da ke kusa da tashar Maraɗi a nan Jibiya, a madadin kaina da iyalina da duk wanda ke cin abinci a inuwar wannan shago, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarmu, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Alhamis da hantsi, a kan teburinta, tana tsakiyar aiki, bayan jinyar da ta cinye damina har ta taɓa kaka. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kafin in ci gaba ina da roƙo. Surukina, Baba na Mazanya, wanda ba zan kama sunansa ba, kowa ya san shi a kara wurin cinikin shanu, ba ya karanta boko. Duk wanda ya ga wannan sanarwa manne a ƙofar shago, zuciyarsa ta raya masa ya karanta wa Baba, to ya karanta masa sakin layin farko, ya yi salati, ya ja bakinsa ya yi shiru. Wanda ya zarce, ban yafe ba.

Babu wanda ya san shekarun marigayiya. 'Yar kwatano ce, ta iso mana ta Maraɗi a bayan babbar mota, a tsakanin tsofaffin firji da injinan wanki, da wata takarda manne a goshinta da yaren da har yau ba mu sami mai karanta shi ba. An ce ta yi aikin ofis a ƙasar Turawa kafin su sallame ta. Mu dai da ritayarta muka karɓe ta, ta kuma yi mana aikin da budurwar kwamfuta ba za ta yi ba. Direbobin tasha ne suka laƙaba mata Gwaggo, saboda ba ta sauri, ba ta kuma fasa zuwa inda aka aike ta.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta da haƙuri. Ta sha wutar gari mai zuwa kamar an koro ta, ta sha wutar janaretan da ake ba fetur ɗan bumburutu, ba ta taɓa ɗaga murya ba. Da safe in na danna ta, sai ta ce "tiit" sau ɗaya, a natse, sannan ta shiga "ƙirrr, ƙirrr" ɗinta, ni kuma in tsallaka wurin maƙwabcina Manu mai shayi in karya kumallo, in dawo in tarar ta kusa shiryawa. Ta buga yarjejeniyar gonaki, da katin biki da na suna, da takardun neman aikin da ba a samu ba. Ta goge wa dattawa tamoji a hoton fasfo, ta gyara wa samari wuyan riga, ba ta taɓa tona wa kowa asiri ba. Lokacin da aka rufe iyaka, motoci suka yi layi har ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu, manyan 'yan kasuwa suka koma kirga kwanon rufi, Gwaggo ce ta riƙe gidana da rajistar jarrabawar 'yan makaranta. Ba ni da gona, ba ni da saniya. Tukunyar gidana a kan wannan teburi take tafasa.

Cutar ajalinta daga bakina ta faro. Wata ranar kasuwa Baba ya zo da hoton farin bijiminsa a waya, yana so a ƙara masa girma ya rataya a zaure. Gwaggo ta ɗauki hoton ta shiga nazari. Baba na zaune a benci yana kallon bango, ni ina tsaye ina kallon ƙasa, kamar yadda ya dace tsakanin suruki da suruki. Da shirun ya yi mini yawa, sai na ce, "A yi haƙuri, Baba, ta tsufa ne, ba ta da ƙarfin hoto." Baba ya karɓi bijiminsa ya tafi.

Da kasuwa ta zagayo, sai ga shi da kwali naɗe cikin sabon zane, ɗaure a bayan ɗan kabu-kabu. Ya ajiye a kan tebur, yana magana yana fuskantar ƙofa.

"Malam, ga ɗan abin nan. Na tahi Maraɗi na ce ma mai butikin kayan kwamfuta ya hiddo mani abin da ka sa kwamfuta ƙarhin hoto. Ya jera mani su, na ɗaɗɗaga, wanga ya hi sauran nauyi. Na duba haƙoranai, duk na zinari, babu giɓi ko guda."

Katin hoto ne, abin da masu gyara ke kira girafik, mai fanka uku, tsawonsa ya kai kamu. Na durƙusa na karɓa hannu biyu. Wanda bai san tarihi ba zai ce ai ƙarfe ne kawai. To lokacin da na je neman auren ɗiyarsa Sakinatu, abin da na mallaka a duniya lema ce da tebur da katin waya. Danginsu kaf suka ce ba a ba ɗan gari marar ko akuya, Baba kaɗai ya ce ya ga idon yaron, a ba shi. Bai taɓa goranta mini ba, bai taɓa tambayata me na ci me na sha ba. Ina ƙaunar wannan dattijo, ina jin nauyinsa fiye da yadda zan iya rubutawa, kuma ranar ce rana ta farko da ya sayo wani abu da hannunsa ya ce nawa ne.

Na kira Badamasi mai gyara, likitan marigayiya tun zuwanta. Ya ɗaga katin, ya dubi Gwaggo, ya dube ni, ya tambayi wanda ya kawo. Na faɗa masa. Ya ce, "Allah shi sa albarka," ya ɗauko sukundireba. Katin ya fi cikinta tsawo, dole aka cire murfin gefe, sauran kwanakinta a duniya duk ta yi su gefe ɗaya a buɗe. Tun da an riga an buɗe ta, na ce a ƙara mata ram, wato ƙwaƙwalwar da take riƙe aikin da ke gabanta. Wannan ƙarin ya yi mana rana daga baya, domin ya ba mu wanda za mu fara zargi.

Washegari ciwo ya bayyana. Ina tsakiyar buga wa wani ɗan kasuwar hatsi takarda, sai linzami, wato 'yar kibiyar nan da ake motsawa da hannu, ya sandare a tsakiyar allo. Na motsa, na danna, na yi magana mai daɗi, na yi marar daɗi. Can sai fankokin nan uku suka ce "wuuu", allo ya yi baƙi, ta ce "tiit", ta sake tashi daga farko kamar ba ta taɓa ganin ɗan kasuwar ba, balle takardarsa. Wani lokaci ta wuni lafiya ƙalau. Wani lokaci kafin shayi ya huce ta faɗi ta tashi ta sake faɗuwa. Wata rana fuskarta ta yi shuɗi, ta zubo wani rubutu da sauri, kafin in karanta layin farko ta ɗauke. Abin da na lura da shi, amma na ajiye a cikina, shi ne ta fi faɗuwa in an buɗe babban hoto.

Iyalai suna so jama'a su shaida cewa ba a yi sakaci da jinya ba. An fara da ram. Badamasi ya zare shi, ya goge haƙoransa da abin goge fensir, ya mayar, ta faɗi. Ya canja masa rami, ta faɗi. Ya cire sabon ya bar tsohon, ta faɗi. Ram ya fita daga zargi da mutuncinsa. Daga nan muka koma kan bairos, cutar da kwamfuta ke ɗauka daga 'yar uwarta, muka ɗora laifin a kan filashin wani direba da ke yawo da shi daga Maraɗi har Kano, aka hana shi shiga shago, ya yi fushi ya ɗauke mini abokan cinikinsa. Aka kwashe kayan cikinta, aka yi mata fomatin, aka zuba mata komai sabo. Ta tashi fes, ta gaishe mu, ta faɗi.

Sai aka ce zafi ne. Aka hure ta da bulowa, aka fitar da abin da zai cika kwanon sha, har da gidan zanzaro. Aka shafa wa ƙwaƙwalwarta sabon man sanyi. Na sauke fankar da ke fifita ni na juya mata, ni ina zufa ita tana shan iska. Aka zargi janareta, aka wanke masa kafireto. Aka zargi sitabilaiza, na aro na Manu, firjinsa ya kwana biyu babu kariya. Wata dattijuwa daga Farfaru da ta zo hoton fasfo ta ce bakin mutane ne, tun da an bar cikinta a buɗe kowa na leƙawa, ta ba da shawarar turare. An yi turaren ma. Shagon ya yi ƙamshi, marigayiya ta ci gaba da faɗuwa, masu takardu kuma suka fara tsallaka titi zuwa shagon da ke fuskantar nawa, suna ɗaga mini hannu daga can.

A duk wannan bincike akwai wanda ba a taɓa yi wa tambaya ba. Yana nan kwance a tsakiyar cikinta, fankokinsa uku na juyawa, mu kuma muna zagaye shi kamar yadda ake zagaye rijiya. Sai wata rana da la'asar Badamasi ya ja ƙofar shago, ya rage murya.

"Ɗantala, ni ban ce komi ba, kuma in an tambaye ni ban zo nan ba. Amma akwatin da ka raba mata wuta ƙarami ne, na ofis. Wanga baƙo shi kaɗai yana cin abin da ya hi na gidan duka. Da ya buɗe baki sai wuta ta yanke ma kowa. Ko dai a samo babban akwati, ko baƙo ya koma inda ya hito."

Na ce a nemo babban akwati. An nema a Katsina, an aika Kano. Ashe Turawan da suka haifi Gwaggo sun yi mata bakin wuta irin nata ita kaɗai, duk wanda aka kawo ba ya shiga. Saura hanya ɗaya, ita ce kuwa ba ta biyuwa. Na roƙi Badamasi ya yi wa Baba bayani a matsayinsa na masani. Ya ce shi a wurin Baba yake samun ragon layya da sauƙi, kada in haɗa shi da abincinsa. Na koma gida na lallaɓa Sakinatu.

"Haba, Baban Mufida," in ji ta. "Ni ɗiyar fari ce. Tunda nike, Baba bai taɓa kama sunana ba, ni ban taɓa haɗa ido da shi ba. Yau kuma in tashi in ce mashi kyautatai ba ta da kyau? Ka nemi wani, ba ni ba."

Daga nan aka shiga kashi na biyu na jinya, wanda likita bai rubuta ba amma ya kawar da kai. Na zare katin, na mayar da igiyar monita tsohon raminta. Gwaggo ta ce "tiit", ta miƙe garau, ta wuni tana aiki ko tari babu. Na zauna na dube ta, ban san sanda hawaye suka zubo mini ba, domin maganin yana hannuna, kuma ba ni da ikon ba ta shi kullum. Baba na zuwa duk ranar kasuwa, Lahadi, ya zauna a benci ya kalli kyautarsa tana juyi. Saboda haka muka tsara zama: ranakun mako katin na kwance cikin zanensa a ƙarƙashin tebur, Lahadi da sassafe in kashe ta in ɗora mata shi, da yamma in Baba ya hau hanyar Mazanya in sauke.

Lahadin nan ita ce ranar wuyarta. Baba zai ce a buɗo masa bijimi. In buɗo. Ta sandare. In ce, "Tana tunani ne, Baba." Ya gyaɗa kai ya ce mai ƙarfi ba ya garaje. Fankoki su ce "wuuu", ta faɗi, ta tashi. Baba ya yi murmushi ya ce wa bango, "Ƙoshi ne. Ko bijimi in ya ƙoshi sai ya yi tutsu." Ban taɓa ganin dattijon nan cikin jin daɗi irin na waɗannan ranaku ba. Har abokansa na kara ya riƙa jawowa su zo su ga abin da ya saya wa mijin ɗiyarsa, su tsuguna su leƙa, su ce tubarkalla. Ranar da ta fi kowace rana ciniki a mako ita ce ranar da ba na iya buga ko takarda ɗaya, na kuma haƙura da hakan.

Ranar Alhamis ɗin da ta gabata, motar shanun wani abokin cinikin Baba ta maƙale a bakin iyaka, aka kira shi ya zo ya sa baki. Ya gama da wuri, ya ce bari ya biyo. Ni ban sani ba. Ina cikin buga katin suna, Gwaggo na cikin ƙoshin lafiya, katin na ƙarƙashin tebur, sai na ji Manu daga bakin tukunyarsa ya ƙwala, "Ɗantala! Ga surukinka nan ya sauka bisa mashin!"

Masu ilimi sun ce ba a sa wa kwamfuta komai a ciki tana kunne. Ni ma na sani, na sha faɗa wa wasu. Amma tsakanin inda mashin ya tsaya da ƙofar shagona babu nisan da zai ishi Gwaggo ta kashe kanta, ita da ba ta taɓa yin komai da gaggawa ba. Na fizgo katin daga zane na cusa. Ta ce "tas!" Wani ɗan haske ya gilma, hayaƙi siriri ya taso, da ƙaurin da ba zan manta ba. Ba ta ce "tiit" ba. Sallamar Baba da fitar ranta tare suka zo.

Badamasi ya iso ya duba, ya ce allon cikinta ya ƙone, babu sauran dabara. Baba ya sunkuya ya zaro katin da kansa, ya ɗaga shi a tafin hannu yana jinjinawa, na ga idanunsa sun kawo ruwa. Karon farko tun da na auri ɗiyarsa ya juyo ya dube ni ido cikin ido.

"Malam, laihina ne. Akwai wani can ƙuryar butikin, cikin gilas, ya hi wanga nauyi nesa ba kusa ba. Na gane shi, na yi ƙyashi na bar shi. Da shi na kawo da ba ta mutu ba. Ka yahe mani. Na karya maka sana'a, ni zan gyara."

Na buɗe baki. Allah ne shaidata na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Babu komai, Baba, kwananta ne ya ƙare."

Marigayiya ta rasu ta bar monita ɗaya, wadda tun ranar take kallon bango da baƙar fuska. Ta bar kibod wanda yawancin haruffansa sun goge saboda hidima, da linzami, da firinta mai yawan ƙorafi wadda a karon farko ta yi shiru. Ta bar hadis, rumbun ajiyarta, yana hannun Badamasi, an ce yana numfashi, hotunan jama'a ba su salwanta ba, har da bijimi. Ta bar ni, da Sakinatu, da Mufida, da buhun gero da ya kusa kai gindi. Ta kuma bar katin hoto mai fanka uku, wanda aka gwada a wani wuri aka tarar ko ƙwarzane bai yi ba.

Domin kada tukunya ta huce, na sayar da mashin ɗina yau Juma'a da safe, na sayo magajiya. Abin da kuɗin mashin ya iya kawowa ƙanwar Gwaggo ce, uwa ɗaya uba ɗaya, daga ofis guda, da ƙaramin akwatin wuta irin na yayarta. Tana nan a shago cikin leda. Bayanta ba ni da sauran abin sayarwa. Ɗazu kuma saƙo ya iso daga Mazanya cewa Baba ya sayar da maraƙi, ya tsallaka Maraɗi, ya ɗauko na cikin gilas. Wanda ya gani ya ce fankarsa huɗu, kuma sai da aka sa masa igiya biyu a bayan mashin. Zai kawo shi ranar Lahadi bayan azahar, yana so a sa a gabansa.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Mun tambayi liman, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, mun kuma gamsu. Za a ɗauki gawa gobe Asabar da safe daga shago, a baro, zuwa makwancinta wurin 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe da ke bayan tasha. Ana roƙon masu rakiya kada su tsaya kallon sikeli. Za a yi zaman makoki a rumfar Manu, akwai shayi, burodi kuwa kowa ya zo da nasa. Mata za su iya yi wa Sakinatu gaisuwa a gida.

Sai babbar buƙatar iyalai. Ana cigiyar Babarbare guda ɗaya, dattijo, tsaran Baba ko wanda ya girme shi, mai bakin da ba a sa wa linzami ba. Kowa ya san abin da suruki ba zai iya faɗa ba, abin da ɗiyar fari ba za ta iya faɗa ba, Babarbare zai faɗa wa Bafulatani irin Baba a tsakiyar kasuwa, a yi dariya a tashi babu wanda ya ji kunya. In maganar ta fito daga bakina, ko ta bakin mai karanta wannan takarda, na ci mutuncin mutumin da ya rufa mini asiri. In ta fito daga bakin abokin wasa, wasa ce, kuma Baba zai gane. Ba a so ya yi dogon bayani, ba a so ya ambaci abin da ke faruwa a ƙarƙashin tebur. Ya dai tare shi a ƙofar shago, ya tsokane shi yadda suka saba, ya ce masa kayan raƙumi ne yake ɗora wa jaki. Wanda na sani, mai sayar da bandar kifi a bakin kasuwa, ya tafi garinsu biki, ba a san ranar dawowarsa ba. Duk wanda ke da wani, a Jibiya ko Maraɗi ko Katsina, don Allah ya turo shi, hoton fasfonsa da na iyalansa kyauta ne har iyakar rayuwar magajiya.

In kuwa azahar ɗin Lahadi ta yi babu Babarbare, to zan durƙusa in karɓa hannu biyu, in ce Allah ya saka da alheri, in kwance murfin sabuwar da hannuna, domin gara in rufe shago da in ga idon dattijon nan ya sake kawo ruwa saboda ni. Allah ya ba mu haƙurin rashin Gwaggo, ya ba duk wanda ya tako ladan zumunci. Manu kuma ina roƙonsa kada ya mayar wa masu su da tabarmin zaman makoki tukuna.